Fuskoki Bakwai a Katangar Majalisa

A wani daji da ke tsakanin duwatsu biyu, inda dabbobi suka daɗe da barin cin juna a fili suka koma kai ƙara, an yi wata beguwa mai suna Tabawa. Sana'arta zanen ƙwarya. Mata kan kawo mata ƙwarya ko ludayi, ta zare ƙaya ɗaya daga bayanta ta zana musu abin da suke so, sannan ta bi da baban rini ko jar ƙasa. Mijinta Jatau shi ke ɗaukar ƙoran da ta gama ya kai kasuwa. Su biyun ba masu surutu ba ne, kuma da ba don abin da ya faru ba, da wuya wani a wajen unguwarsu ya san sunanta.

Majalisar dajin a gindin wata tsohuwar tsamiya take zama, kuma tun kaka da kakanni duk mai kuka yana iya zuwa ya tsaya a inuwar ya faɗi abin da ke damunsa. A zamanin shugabancin Ɓauna ne 'yan majalisa suka lura cewa hayaniyar masu kawo kuka tana hana su jin jawabin junansu. Suka yanke shawara a kewaye tsamiyar da katanga. Aka ba Zanzaro, Sarkin Magina, aikin. Ƙasar ginin kuwa a gefen hanyar da ta taso daga Unguwar Ramuka zuwa kasuwa aka haƙe ta, don nan ne ƙasa mai danƙo take, kuma mazauna unguwar ƙananan dabbobi ne da ba su da kujera a majalisa.

Wata tara ana aiki. Katanga ta tashi har raƙumin dawa sai ya miƙe wuya kafin ya leƙa. Zanzaro ya shafe ta da makuba, ya bi da farar ƙasa, ta yi sumul tana ɗaukar ido. Aka yi mata ƙofa ɗaya, aka zaunar da Kura a bakinta da muƙamin Mai Kula da Katanga. Ramin da aka haƙa aka bar shi inda yake. Damina ta cika shi ya zama kududdufi, gefensa ya riƙa zaftarewa yana cin hanya kaɗan kaɗan, ga shi duwatsu sun tsare hagu da dama, babu wata hanyar kasuwa sai ita.

Cikin damina biyu kududdufin ya ci rai bakwai. Da farko zomaye biyu ne 'yan ɗaki ɗaya. Sai wani tsohon kurege da idonsa ya yi rauni, da ɓera mai ciki, da gafiya mai tallan gyaɗa, da wani baƙon tunku da har aka binne shi ba a san sunansa ba. Na bakwai shi ne Jatau. Da hantsi ya fita da ƙorai goma sha biyu a kansa, hanya ta zaftare a ƙarƙashin ƙafarsa. Ƙoran suka taso suna yawo a kan ruwa. Shi bai taso ba sai washegari.

Sau uku mazauna Unguwar Ramuka suna zuwa ƙofar majalisa. Duk zuwa Kura kan gaya musu ana cikin zama, su dawo. Sun yi ta ɗaga murya daga waje, amma Zanzaro gwani ne, katangar ba ta barin sauti ya shiga.

Tabawa ta yi takabarta ta fita. A ƙarshen bazara, wata safiya, ta haɗa gawayi da jar ƙasa da baba a ƙananan tukwane, ta ɗaura su a zani. Maƙwabciyarta Delu, wata bushiya mai sayar da daddawa wadda ta ɗauke ta tamkar yayarta, ta gan ta a ƙofar gida.

"Yaya, ina za ki da kayan aiki, ba ƙwarya ko ɗaya?"

"Majalisa za ni."

"Ai ba za su bari ki shiga ba."

"Ba shiga zan yi ba," in ji Tabawa.

Ta isa jikin katangar, ta wajen da ke kallon hanya, ta ajiye tukwanenta a jere, ta zare ƙaya ta fara. Da rana tsaka ta yi, a gaban kowa, cikin natsuwa irin ta mai aikin da aka sa shi. Kura ta ɗaga kai ta dube ta, ta ga ba ta waige-waige, sai ta ɗauka majalisa ce ta ba da aikin ba a gaya mata ba, kamar yadda aka saba. Har ta janye bencinta gefe don ta ba ta fili. A rana ta biyu ma ta ce mata sannu da aiki.

A rana ta uku aka ga abin da ta zana. Fuskoki bakwai ne a jere, kowace ta fi faifai girma, ƙarƙashinsu layin baba mai kama da ruwa ya kai musu wuya. Ba ta rubuta ko harafi ɗaya ba. Amma duk wanda ya san mamatan ya gane su: ga tsagaggen kunnen ƙaramin zomo, ga farin idon tsohon kurege, ga Jatau da ɗan karkata kan nan nasa na mai ɗaukar kaya. Baƙon tunkun ma ta fitar da shi, daga ganin da ta yi masa sau ɗaya ranar da aka ciro shi. Uwar zomayen ta zo ta zauna a ƙasa gaban 'ya'yanta, ba ta yi kuka ba, ta ƙi tashi. Kafin la'asar hanya ta cika.

Da Ɓauna ya fito ya ga taro, sai ya gyara tsayuwa ya ɗaga ƙafa yana amsa gaisuwa. Ya ɗan jima a haka kafin ya gane duk sun ba shi baya. Ya juya ya dubi katanga. Ya tambayi Kura wa ya ba da izini. Kura ta ce ta ɗauka shi ne. Nan take aka kama Tabawa, aka kira zaman gaggawa washegari, kuma a karo na farko tun da aka yi katangar, aka bar mazauna Unguwar Ramuka suka shiga ciki.

Kura ce ta fara magana, don ita ta fi kowa buƙatar a ga fushinta.

"Ranka ya daɗe, 'yan majalisa masu girma. Kwana uku ina lura da wannan beguwa, na ƙyale ta ne don laifinta ya cika. Ta zo da tukwane, ta ɓata dukiyar jama'a da gawayi da ƙasa. Katangar nan ita ce fuskar dajinmu. Baƙo in ya zo, ita yake fara gani. In aka bar wannan, gobe biri zai zo ya zana ayaba, jibi jaki ya zana kansa. Ina roƙon a goge, a hukunta ta, a kuma ƙara mini ma'aikata."

Aka kira Zanzaro. Ya sauka a kan reshen da ke kusa da kunnen shugaba, don muryarsa ƙarama ce.

"Ranka ya daɗe, ni magini ne, ban iya dogon zance ba. Wata tara na yi a jikin katangar nan. Duk inda ka ɗora hannu ba za ka ji tudu ko kwari ba. Farar ƙasar sau uku na tace ta. Na ji ana cewa abin da baiwar Allah nan ta yi gwaninta ce. To, nawa fa? Don bai da ido da hanci shi ne bai zama gwaninta ba? Da ni na je na ɗauki ƙwaryar da ta gama zanawa na shafe ta da laka, na ce ai ni ma hannuna mai kyau ne, da me za ta kira ni? Ban ce ba ta iya ba. Na duba, ta iya. Amma a kan aikina ta yi, kuma ba ta tambaye ni ba."

Maganar ta shiga. Tabawa ta sunkuyar da kai. Da aka ba ta dama, gajeruwar magana ta yi.

"Ranka ya daɗe, Sarkin Magina ya yi gaskiya, ban tambaye shi ba, ya yafe mini. Ban zo don in ɓata masa aiki ba. Mun zo ƙofa sau uku ba a ji mu ba. Na ga ƙasar da aka yi katangar da ita daga raminmu ta fito, sai na ce bari in dawo mata da mutanen da ramin ya ɗauka. In an cike ramin, ni da hannuna zan wanke katangar."

Delu ba ta jira a kira ta ba, ta taso daga cikin taro da warin daddawarta.

"Ranka ya daɗe, ni ban san gwaninta ba, ban san ɓarna ba. Na san hanyar kasuwa ta koma taku biyu. Kullum da tulu a kaina nake binta. Ga damina nan tafe, an fara ganin hadari a gabas. Ku manya ne, giwa ɗaya in ta yi yini tana tura ƙasa ta gama da ramin nan. Ku cike shi kawai mu tafi gida."

Ɓauna ya saurare ta har ƙarshe, abin da daga baya aka riƙa yaba masa a kai.

"Mun ji, baiwar Allah, kuma mun tausaya. Sai dai majalisa tana da tsari. Abin da ke cikin ajandar yau ɗaya ne: shin abin da ke jikin katanga fasaha ce ko ɓarna? Batun rami batu ne mai muhimmanci, kuma saboda muhimmancinsa bai kamata a cusa shi cikin wani batu ba. Za a ware masa ranarsa."

Ana cikin haka sai Shamuwa ta nemi izini. Kwananta biyu da dawowa, don rabin shekara take yi a wasu dazuzzuka masu nisa, kuma saboda haka duk abin da ta faɗa ana ɗaukarsa da nauyi.

"Shugaba, na tsaya gaban wannan aiki tun safe, kuma sai da tsikar jikina ta tashi. A dazuzzukan da nake zuwa, irin wannan ake tashi takanas a je gani. Ku dubi yadda ta bar farin katangar ya zama hasken idanun. Ku dubi layin baban nan, bai miƙe ba, bai karkace ba. Wannan ba zanen mamata ba ne kawai, zance ne a kan zama da wucewa, a kan ruwa a matsayin tunani. Ita kanta mai zanen ba lallai ta san zurfin abin da ta yi ba, haka masu baiwa suke. In kuka goge shi, za a yi ta ba da labarinku a wurare da yawa, kuma ba labari mai daɗi ba."

Majalisa ta rabu biyu. Masu ƙaho suka bi Kura, masu fiffike suka bi Shamuwa, sauran suka jira su ga inda shugaba zai karkata. Shugaba bai karkata ba. Ya kafa kwamiti ƙarƙashin Hawainiya, ya ba shi kwana arba'in. Aka saki Tabawa bisa sharaɗin kada ta taɓa katangar. Da yake zanen ya zama hujja a gaban kwamiti, aka umarci Kura ta kare shi daga ruwan sama. Ta kafa masa rumfa da zana sabuwa, ta yi masa magudana.

Kwamiti ya yi aiki tuƙuru. Ya auna tsawon kowace fuska da faɗinta. Ya ɗanɗani baban. Ya gayyaci Mujiya ta yi bayani a kan ma'anar kalmar ɓarna, aka kwashe zama huɗu a kai. Sau ɗaya wani ɗan kwamiti ya kawo shawarar a je a ga kududdufin, Hawainiya ta tuna masa cewa wannan ya fita daga hurumin aikinsu. Ita kuwa duk ranar da ta zauna kusa da Kura sai ta ga abin ɓarna ne, in ta zauna kusa da Shamuwa sai ta ga fasaha, kuma a duka biyun da zuciya ɗaya take gani.

Kafin kwana arba'in su cika, labari ya bi tsuntsaye ya tafi. Baƙi suka fara sauka. Belbelu suka zo ayari guda, gauraki suka zo da iyalansu, har wata jimina ta taso daga bakin hamada. Duk wanda ya gama kallo sai ya nemi ya gaisa da shugaban da aka yi wannan abu a zamaninsa. Ɓauna ya amsa gaisuwa ta farko da ɗari-ɗari. Zuwa ta goma ya fara cewa majalisarsa ta daɗe tana ƙarfafa wa masu basira gwiwa. Hawainiya ta ji wannan, rahoton kwamiti ya fito a kan lokaci.

Aka yi biki. Aka sanar cewa Fuskoki Bakwai sun zama kayan tarihin daji. Aka ja igiya taku biyar daga katangar, aka dasa ƙaya a bayan igiyar, aka ƙara wa Kura ma'aikata shida da sabon muƙami, Mai Kula da Kayan Tarihi. Tabawa aka naɗa ta Magajiyar Zane, aka yafa mata mayafi mai ruwan ƙwai. Uwar zomayen, wadda ta saba zuwa kullum ta zauna gaban 'ya'yanta, aka nuna mata inda igiya take.

Bayan an watse, Tabawa ta tsaya a gaban Ɓauna da mayafin a hannu.

"Ranka ya daɗe, na gode. Maganar ramin fa?"

Ɓauna ya dubi Shamuwa. Shamuwa ta gyara fiffike.

"Magajiya, ki fahimce ni da kyau. Baƙi in sun gama kallon fuskokin, kududdufin muke kai su. A nan ne abin yake kama su. Jimina sai da ta yi hawaye. Zanen da ramin abu ɗaya ne yanzu. In aka cike shi, me fuskokin za su nuna? An kashe aikinki kenan. Ni ba zan so a yi miki haka ba."

"Ni ina so," in ji Tabawa.

"Shi ya sa na ce masu baiwa ba su cika sanin darajar abin da suka yi ba."

Ɓauna ya ce za a duba yiwuwar kafa alama a bakin ramin.

A hanyar gida Delu ta karɓi mayafin ta jujjuya shi. "Yaya, yadin mai kyau ne, wallahi. Ki bar shi, ya yi tatar koko." Suka yi dariya, wadda Tabawa ta daɗe ba ta yi ba. Da suka iso gaɓar kududdufin suka bi ɗaya bayan ɗaya, suna manne da dutse.

Marka ta zo, aka yi kwana shida ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ranar da aka ɗan sarara ta dace da ranar kasuwa. Tabawa ta ce wa Delu ta haƙura zuwa mako mai zuwa. Delu ta ce daddawar ta fara fumfuna, in ta ƙara kwana bakwai sai dai a zubar. Ta ɗauki tulunta ta fita. Waɗanda ke bayanta sun ce ba ta ko yi ƙara ba. Ƙasa ce ta tafi da ita gaba ɗaya, kamar an janye tabarma.

Tabawa ce ta yi mata wanka. Bayan kwana uku ta haɗa tukwanenta. Wannan karon ba wanda ya tambaye ta inda za ta. Ta isa katangar da hantsi, lokacin ana zagayawa da wasu baƙi. Ta tsallake igiya, ta ratsa ƙayar da aka dasa, wadda ba ta dame ta ba, ta tsaya kusa da fuskar Jatau inda akwai sauran fari. Ta fitar da goshi da ido ɗaya da ɗan tsinin hancin Delu. Tana cikin ido na biyu ma'aikatan Kura shida suka rufe ta.

Wannan shari'ar ba ta ɗauki lokaci ba, don yanzu akwai doka.

"Ranka ya daɗe," in ji Kura, "a gaban baƙi aka yi. Ta tsallake igiya, ta ɓata kayan tarihi. Sunan abin Fuskoki Bakwai. Haka yake a rahoto, haka baƙi suka san shi. Yanzu bakwai da rabi ne."

Tabawa ta ce, "Ni na zana bakwai ɗin, ranka ya daɗe. Da wannan ƙayar, da wannan baban. Mutum takwas ramin ya ci yanzu. Ƙidayar ce ta canza, ni bin ta kawai na yi."

Hawainiya ta miƙe a hankali. "Shugaba, a nan akwai bambanci mai kyau da ya kamata a lura da shi. Wadda ta zana bakwai ɗin Magajiyar Zane ce, kuma majalisa na girmama ta. Wadda ta tsallake igiya wata beguwa ce daga Unguwar Ramuka. Kasancewarsu a jiki ɗaya bai shafi doka ba. Hasali ma, mutuncin ta farkon ne ya wajabta mana hukunta ta biyun."

Shamuwa ta yarda cewa sabuwar fuskar ta ɓata daidaiton aikin, ta kuma ce hannun bai kai na da ba, akwai alamar gaggawa a cikinsa.

Ɓauna ya juya ga Zanzaro ya umarce shi ya shafe rabin fuskar da farar ƙasa, tunda shi ya fara kukan an taɓa masa aiki. Zanzaro ya sauka a kan reshe kusa da kunnensa ya ce:

"Ranka ya daɗe, na san mai fuskar nan, Delu. Lokacin ginin, kullum takan tsaya ta ce mana sannu, ita kaɗai a masu wucewa. Har yanzu ina nan a kan bakana, ba a tambaye ni ba. Amma ni na nuna inda za a haƙi ƙasar nan. Na ce tana da danƙo, kuma tana da shi. Ban tambayi wa ke bin hanyar ba. In za a ji shawarar magini, a bar Tabawa ta ƙarasa idon. Babu abin da ya fi aiki rabi muni a jikin gini. In kuwa shafewa za a yi, a nemi wani. Fiffikena ya tsufa."

Aka rubuta cewa Sarkin Magina ya nemi hutu saboda rashin lafiya. Majalisa ta yanke hukunci da murya ɗaya: a shafe rabin fuskar, a hana beguwa kusantar katangar har abada, Magajiyar Zane kuma ta ci gaba da riƙe sarautarta. Don kada wani ya ce bai sani ba, aka umarci Kura ta rubuta dokar a inda kowa zai gani.

Kura ta shafe rabin fuskar Delu da laka, don ba ta san yadda ake tace farar ƙasa ba. Sannan ta nemi inda kowa zai gani, ta ga babu inda ido ya fi zuwa kamar kan fuskokin. Ta tsoma wutsiya a tukunyar baƙin gawayi ta rubuta AN HANA ZANE A NAN, da haruffa masu tsayin jaki. Rubutun ya fara daga kunnen ƙaramin zomo ya ƙare a haɓar Jatau. Tsohon kurege ne kaɗai ya tsira da ido ɗaya, yana leƙe ta tsakiyar wani harafi.

Tabawa ba ta je ta gani ba. Ta daina zanen ƙwarya. Kullum da safe takan tafi gaɓar kududdufin, ta zare ƙaya daga bayanta ta kafa a inda ƙasa ta fara tsagewa, don mai wucewa ya san inda ba zai taka ba. Ƙayar beguwa tana sake tsirowa, amma a hankali, kuma gaɓar tana da tsawo. Kafin kaka bayanta ya yi fili kamar na ɓera. Wani lokaci akan ga Zanzaro a can ƙasa yana liƙa laka a bakin tsaga, ɗan abin da bakinsa zai iya ɗauka. Ba sa magana da juna sosai. A sauran daminar ba a sake rasa kowa ba, majalisa kuma ta ambaci hakan a jawabin ƙarshen shekara.

Da bazara ta zagayo Shamuwa ta dawo da sababbin baƙi, ta tsayar da su a bayan igiya. Sun daɗe suna kallo. Sun yaba ƙwarai, musamman ƙarfin hannun wanda ya yi haruffan.